Wata takwas ina kallon fim da ƙaramin majigi a ɗaki, ga abin da na gani

Salamu alaikum jama'a. Wata takwas kenan da na sayi ƙaramin majigin nan na gida wanda wasu ke ce wa furojekta, kuma duk wanda ya shigo ɗakina yaga fim ya cika bango tambayarsa ɗaya ce, wai ya kai a saya ko kuwa kwalliya ce kawai. Da farko na ƙi ba kowa amsa saboda sabon abu duk daɗi gare shi a satin farko, sai an zauna da shi ake sanin halinsa. Yanzu kam na san shi ciki da bai, na san inda ya burge ni da inda ya ɓata min rai, shi yasa nace bari in zauna in rubuta a tsanake. Bazan kama sunan kamfanin ba don irinsu sun cika kasuwa, kwali da tambari ne kawai suka bambanta amma kayan cikin kusan duk ɗaya ne, fitilar LED, gilashin LCD guda ɗaya, 'yar sifika, fanka, ramin HDMI da na USB, sai Android da aka cusa masa a ciki.

Ba don kallo kawai na saya ba. Ni da wasu abokaina muna ɗan haɗa gajerun finafinai, irin na minti goma zuwa sha biyar ɗin nan, ba sana'a bace tukunna, so ne kawai yasa muke yi, ni nake riƙe kyamara kuma ni nake editin. Duk abin da muka ɗauka a laftof nake haɗawa in tura musu a waya, kowa ya kalla a tafin hannunsa yace wallahi yayi. Sai wata rana abin ya faɗo min a rai cewa shekara uku muna wannan wahala amma ko sau ɗaya bamu taɓa ganin aikinmu a girman da ya kamata a ga fim ba, toh daga nan na fara tara kuɗin majigi.

Bari in fara da abin da ya fara ɓata min rai tun ranar farko, wato haske. A jikin kwalin an rubuta lumen dubbai, wato ma'aunin ƙarfin haske, lamba mai ban tsoro, ni kuma a lokacin ban san cewa lumen iri-iri ne ba. Akwai ma'aunin da ake yarda da shi, ana ce masa lumen na ANSI, ana haska farin hoto a allo a auna hasken a wuri 9 sannan a fitar da matsakaici, wannan shine ainihin hasken da ke isa allo. Su kuma masu irin waɗannan ƙananan na'urori sau da yawa hasken fitilar da ke can ciki suke rubutawa, kafin ya ratsa gilasai ya zube a hanya, kuma mafi yawansa a hanyar yake zubewa. Don haka na kunna da rana tsaka ina murna, labule a buɗe, abin da na gani a bango kamar an wanke hoto da ruwa ne, fuskoki sun dusashe, rubutu da kyar ake karantawa. Gaskiya raina ya sosu, har na fara tunanin mayarwa. Duk wanda zai saya ya tambayi lambar ANSI, in mai sayarwa ya fara kame-kame toh ka san inda aka dosa. Haka maganar 4K da suke mannawa a kwali, ma'anarta kawai na'urar zata iya karɓar fim ɗin 4K ta rage shi zuwa ƙarfinta. Nawa dai na yi sa'a ɗigon hotonsa na gaskiya 1920 sau 1080 ne, amma akwai waɗanda 1280 sau 720 ne, har da masu ƙasa da haka, kuma duk 4K ɗin aka rubuta musu.

Da dare yayi na rufe taga na kashe fitila na sake kunnawa, sai naga kamar wata na'urar aka canza min. A nan na gane wani abu da ban taɓa kawowa a raina ba duk daɗewar da nayi ina zuwa silima, majigi baya iya yin baƙi. Fari da ja da kore duk haske ne, zai iya jefo su, amma baƙi rashin haske ne, don haka baƙin da zaka gani a fim ɗin shine kalar bangonka a lokacin da babu haske a kansa. In ɗakin da haske, baƙinka toka-toka ne, shikenan. Kuma ashe allon silima ma ba wani haske ne da shi sosai ba, ƙa'idar da ake bi kusan nit 48 ce a ma'aunin hasken allo, alhali wayar da ke aljihunka tana kai ɗaruruwa, duhun zauren ne ke yin rabin aikin. Ido ma yana ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya gama sabawa da duhu, shi yasa zakaga fim ɗin yana ƙara kyau bayan an ɗan yi nisa. Na sa labule mai kauri, na cire madubin da ke fuskantar bangon, na kuma rage girman hoton daga inci 100 zuwa 80. Inci 100 faɗinsa santimita 221 ne tsayi kusan 125, abin sha'awa ne ƙwarai, amma hasken da ke akwai shi ake shimfiɗawa a duk faɗin, da na dawo 80 sai hasken ya ƙaru da fiye da rabi kuma har yau ban ji na rasa komai ba.

Toh yanzu ga ainihin abin da yasa na zauna rubutun nan. Dare na uku na tara abokan aikin nace mu kalli fim ɗinmu na ƙarshe, wanda duk muke alfahari da shi. Akwai fitowa ɗaya a ciki da ake gaya wa wani mutum rasuwar ɗan'uwansa, abokinmu da ya hau rol ɗin kowa ya yaba masa lokacin da muka kalla a waya, har muna cewa shine ya ɗauki fim ɗin a kafaɗarsa. Da fuskarsa ta fito a bango, tsayinta ya kai mita guda, sai ɗakin yayi tsit. Komai yayi yawa. Gira ta ɗaga, baki ya buɗe, kai yana girgiza, hannu ya tafi ka, numfashi sama-sama, duk a cikin sakan biyar, kana ganin mutum yana ƙoƙarin nuna maka baƙin ciki maimakon kaga baƙin cikin. Shi da kansa ya fara magana, yace a mayar baya, muka mayar har sau uku. Kuma ba wai bai iya ba ne, a dandamali ya taso, can kuwa dole ka buɗe jiki ka ɗaga murya don na kujerar ƙarshe ya san me ke faruwa, kyamara ita ce ta kawo mai kallo har gaban hancinka don haka abin da ya dace a can ihu ne a nan.

A cikin wannan fitowar dai akwai wata 'yar'uwarmu da ta fito a matsayin matar mamacin, ita kuwa a waya ba wanda ya kula da ita, har ni a wajen editin na so in rage hotonta don a ganina tsaye kawai take bata yin komai. Wallahi a bango ita ce fim ɗin. Ta haɗiye yawu sau ɗaya, kana ganin maƙogwaronta ya motsa, idonta ya sauka ƙasa ya tsaya kan wani abu da ba a nuna mana ba, ta ɗan daɗe bata ƙifta ba, sannan muƙamuƙinta ya ɗaure kamar mai hana kanta wani abu. Iyakarta kenan. Duk wannan yana cikin abin da na ɗauka da hannuna, na kalle shi ya fi sau hamsin a laftof ban gani ba. Ranar na kwana ina tunanin 'yan wasa nawa ne na raina a rayuwata nace basu iya ba, fuskarsu a sandare take, alhali allon da nake kallonsu ne ya yi ƙanƙanta da aikinsu, kuma nawa ne na yaba wa don kawai wasansu mai ƙara ne yana iya tsallako ƙaramin gilashi.

Daga baya na tuna da gwajin nan na Lev Kuleshov, mai shirya fim na Rasha a farkon zamanin Sobiyat, wanda ya ɗauki fuskar ɗan wasa ba tare da wani yanayi a kanta ba, ya haɗa ta da hoton kwanon miya, ya sake haɗa ta da hoton akwatin gawa, masu kallo suka ga yunwa a na farko suka ga alhini a na biyu, alhali fuskar ɗaya ce bata canza ba. Na daɗe da sanin labarin amma a kai kawai yake, sai a bangon ɗakina na ji shi a jiki. Mai kallo yana zuwa da nasa, shi zai cike gurbin, aikin ɗan wasa ya bar masa wurin da zai zuba. Amma fa sai fuskar ta yi girman da ido zai iya yawo a cikinta, daga ido zuwa leɓe zuwa goshi, kamar yadda kake kallon mutumin da ke zaune kusa da kai yana baka labari mai nauyi.

Wani abokina yayi min musu, yace ai in ka kawo waya kusa da fuska girman da take cikawa a idonka kusan ɗaya ne da allon da ke nesa. Ta fannin lissafi yana da gaskiya, ban ƙi ba. Amma waya a hannunka take, kai ke juya ta, saƙo na shigowa ta sama, yatsanka na kan gilashi yana jiran a ɗan yi shiru ya tura gaba, kai ne babba fim ɗin ne ƙarami. A bango kuwa abin ya juye, kai ke ɗaga kai. Wannan rigimar ma tsohuwa ce, tun farkon fim aka yi ta. Na'urar Edison mai suna Kinetoscope da aka buɗe wa shago a New York a 1894 mutum ɗaya ne ke leƙawa ta rami ya kalla shi kaɗai, sai 'yan'uwan nan biyu Auguste da Louis Lumière suka haska nasu a allo a Grand Café da ke Paris ranar 28 ga Disamba 1895, mutane suka biya suka zauna tare suka kalla, kuma tasu hanyar ce ta zama silima. Mu yanzu waya ta mayar da mu leƙen rami, kowa da nasa.

Ba 'yan wasa kaɗai bangon ya tona ba, ni ma ya nuna min aikina. Akwai wurare da dama da fokas ɗina yana kan kunne ko kan kafaɗa maimakon ƙwayar ido, a waya duk garau suke, a inci 80 kuwa ido dishi-dishi kunne tar. Naga inuwar sandar makirfo a saman bango a fitowa biyu, naga kofin da ke cike a ɗauka ɗaya ya koma rabi a ta gaba sannan ya sake cika, naga hodar da aka shafa wa wani ta tsaya a iya haɓa wuya kuma kalarsa daban. Wanda ya fi damuna shine hasken fata. Yawancin 'yan wasanmu masu duhun fata ne, ni kuma ina haska su kai tsaye da fitila ɗaya mai ƙarfi, sai goshi yayi ƙyalli gefen fuska ya nutse cikin baƙi gaba ɗaya, rabin wasan ya tafi kenan. Fata mai duhu tana son haske mai faɗi mai laushi, wanda aka bugo daga farin ƙyalle ko bango ya kwanta a kanta ya fito da siffar fuska, wannan a bangon ɗakina na koye shi ba a wani aji ba. Duk mai haɗa fim, ko na minti biyar ne, ina roƙonsa ya nemi hanyar ganin aikinsa a babban allo kafin ya sake shi, ko aron majigin zai yi.

Sai dai kafin ka yarda da abin da majigin ke nuna maka dole ka shiga setin ka gyara ɓarnar da aka yi masa tun daga masana'anta. Nawa ya zo da kala a kan wani yanayi mai ƙyalƙyali, fari ya koma shuɗi-shuɗi, ja kamar zai ɗiga, fuskar mutum kamar roba. Na mayar da shi yanayin silima, na sa zafin kala a kan mai ɗumi, da farko sai naga kamar hoton yayi rawaya amma bayan kwana biyu ido ya saba, yanzu in na koma wancan ji nake kamar an watsa min ruwan sanyi a ido. Na rage kaifin hoto kusan zuwa sifili don wani farin zare yake zanawa a gefen komai. Babban mai laifin kuma shine abin da ake kira MEMC, mai santsin motsi. Fim tun zuwan sauti a ƙarshen shekarun 1920 ana ɗaukarsa ne firem 24 a sakan ɗaya, wannan ɗan nauyin motsin yana cikin abin da ke sa fim ya zama fim a idonmu. Shi kuma wannan setin sai ya riƙa ƙirƙiro wasu firem na ƙarya yana cusawa a tsakani don motsi yayi sumul, sakamakon shine fim ɗin da aka kashe dukiya aka yi sai ya koma kamar bidiyon da aka ɗauka a bayan fage, kana ganin kayan sawa a matsayin kayan wasa, ɗaki a matsayin ginin katako, ɗan wasa a matsayin mutumin da ke wasa. Ba ni kaɗai abin ke damu ba, a Disambar 2018 Tom Cruise da darakta Christopher McQuarrie sun yi ɗan bidiyo musamman suna roƙon mutane su kashe shi a talabijin ɗinsu, a 2019 kuma ƙungiyar UHD Alliance ta fito da Filmmaker Mode da goyon bayan daraktoci irin su Martin Scorsese da Christopher Nolan, maɓalli ɗaya da ke kashe duk waɗannan ƙare-ƙaren. Nawa majigin bashi da shi, da hannu na bi ɗaya bayan ɗaya, amma a ƙalla ya bari a kashe, kuma baya mantawa in an cire wuta. A wajen ƙwallo kam ina kunna santsin, a can yana da amfani.

Sauti kuwa, a nan ne na'urar ta faɗi warwas. Sifikar cikinta ƙarama ce, murya na fitowa kamar daga cikin gwangwani, kuma daga inda majigin yake take fitowa ba daga bangon ba, sai kaga bakin mutum na motsi a gabanka muryarsa na zuwa ta gefen kunnenka, abin na raba hankali. Ga kuma matsalar da kowa ya sani, kiɗa da fashewa su cika ɗaki magana kuma ka kasa ji. Dalilin shine yawancin finafinai ana haɗa sautinsu ne a tsarin 5.1, wato an raba shi tashoshi shida don sifiku daban-daban, maganar 'yan wasa kusan duk tana tashar tsakiya, in aka matse tashoshin nan cikin 'yar sifika ɗaya maganar ce ke nutsewa. Na haɗa da sifika ta Bluetooth sai wata sabuwa ta ɓullo, leɓe ya riga murya da ɗan kaɗan, kaɗan ɗin nan kuwa ya isa ya kashe wasa, don ɗan wasa na iya gina fitowa gaba ɗaya a kan lokacin da ya saki kalma ɗaya. Abin da ya warware min shine waya, na ja doguwar wayar sauti daga ramin iyafis zuwa sifiku biyu da na ajiye a ƙasan hoton dama da hagu. Duk wanda zai sayi irin wannan majigi ya sa kuɗin sifika a lissafinsa tun farko, ba zaɓi bane.

Fankar ma tana da ƙara, ba ta tashin hankali ba amma tana nan, shuuu, bata tsayawa. A fim mai hayaniya zaka manta da ita. Inda take ciwo shine wuraren shiru, lokacin da darakta ya cire kiɗa ya bar ka da numfashin mutum, ko takun ƙafa, ko motsin riga, ƙananan sautukan nan da wasu mutane ke zama a situdiyo su ƙirƙira da hannu bayan an gama ɗauka, sana'ar da ake kira da sunan Jack Foley na kamfanin Universal. Fankar na cinye su. Na sa shi a yanayin rage wuta, ƙarar ta sauka hasken ma ya ɗan sauka, na kuma matsar da kujera ta yi nesa da shi, yanzu da sauƙi.

Android ɗin cikinsa ban daɗe ina wahala da shi ba na haƙura. Yana da nauyi, rimot ɗin sai ka danna ka jira, kuma manyan manhajojin kallo basa ba shi hoto mai kyau saboda bashi da shaidar kariya ta Widevine mataki na L1, don haka sai su turo masa ƙaramin hoto, a inci 80 kuwa ƙaramin hoto baya ɓuya. In ka ce bari ka jefo daga waya, sauti zai zo allo kuma baƙi ƙirin, kariyar haƙƙin mallaka ce ke hanawa. Na sa laftof ta HDMI, daga baya na sayi 'yar sandar kallo mai shaida, wato ƙaramar na'urar manhajojin kallo da ake sokawa a ramin HDMI, na soka, shikenan magana ta ƙare. Gyaran kusurwa da suke tallatawa, wanda ke miƙar da hoto in ka ajiye majigin a karkace, yana aiki amma matse hoton yake yi yana zubar da ɗigo, gara ka wahala sau ɗaya ka ajiye shi daidai tsakiyar bango. Ko a hakan ma in tsakiya tayi tar kusurwoyi huɗun suna ɗan yin laushi, a fim baka lura, a rubutun fassara na ƙasa kana ɗan gani.

A wata na biyar wani ɗan tabo ya fito a sama ta hagu, kamar inuwar yatsa, baya ganuwa sai hoton yayi fari ko an nuno sararin sama. Ƙura ce ta shiga ta kwanta a gilashin ciki, don irin waɗannan masu LCD ɗaya yawanci cikinsu ba a rufe yake ruf ba, fanka na jawo iska tana jawo ƙura. Na tura wa masu sayarwar saƙo, suka amsa da fara'a amma abin da suka ce kawai in hura iska ta ramin gefe, na hura tabon ya ragu bai tafi ba. Tun daga nan duk sati biyu nake wanke 'yar matatar ƙurar kuma ina rufe shi da ƙyalle in ba a amfani da shi, da na san haka tun farko da na yi. In Allah ya hore min na gaba mai DLP zan nema, fasahar Texas Instruments mai ƙananan madubai wadda yawancin gidajen silima ke amfani da ita, su cikinsu a rufe yake, ko da yake wasu mutane na ganin walƙiyar bakan gizo a ƙananan na gida, don haka sai na gwada da idona tukunna.

Akwai rigimar da muke yi da ƙanena kusan kullum, shi baya son baƙaƙen layukan nan na sama da ƙasa, yana cewa an cuce mu an rage mana hoto, a danna a cika bango. Ni kuma na hana. Hoton majigin siffarsa 16:9 ce, wato faɗi 16 tsayi 9, finafinai da yawa kuma sun fi haka faɗi, faɗinsu ya ninka tsayinsu sau 2.39 ne, salon da ya samo asali tun CinemaScope a 1953, in ka cika bangon toh gefe da gefe ka yanke. Na nuna masa da wata fitowa da mutum biyu ke zaune ɗaya a ƙarshen dama ɗaya a ƙarshen hagu, fili a tsakaninsu, suna magana basa kallon juna, da muka cika allon sai rabin fuskar kowannensu ya fita, filin da darakta ya bari don ka ji nisan da ke tsakanin zukatansu ya zama ba komai. Ya yi shiru ranar, amma har yanzu in bana nan cikawa yake yi.

Ba zan ce ya kai silima ba, bai kai ba kuma ba zai kai ba. Baƙinsa bai kai ba, sautin bai kai ba, kuma babu abin da zai maye zama cikin mutane ɗari da baka sani ba kuji abu ɗaya a lokaci ɗaya, dariya ta tashi daga can gaba ta iso ka, ko zaure gaba ɗaya ya riƙe numfashi. Amma wani abu ya canza a gidana da ban zata ba. Da, in mun ce zamu kalli fim a talabijin, kowa da wayarsa a hannu, ana kallo ana latsawa ana tambayar me ya faru. Yanzu da yake dole a kashe fitila, duk wanda ya kunna waya haskenta na damun kowa har shi kansa, sai aka daina ba tare da an yi doka ba. Maiɗakina da bata cika gama fim ba yanzu ita ke cewa a mayar baya taga yadda wata ta kalli wani. In ɗakinka baya yin duhu, ko kallon rana kake so da labarai da ƙwallo, ko baka son jan wayoyi da shiga setin, ka sayi talabijin mai kyau zaka fi samun kwanciyar hankali, da gaske nake. In kuwa kana da bango fari da labule mai kauri kuma fuskar ɗan wasa na da daraja a wajenka, ko kana ɗaukar fim da kanka, toh ni dai da tabonsa da ƙarar fankarsa ban yi nadama ba ko kaɗan.

Asabar mai zuwa in Allah ya kaimu zamu sake ɗaukar fitowar rasuwar nan. Abokin namu shi ya nema da bakinsa, yace wannan karon a gaya masa labarin kawai ya tsaya ya saurara, hannunsa a aljihu, ni kuma na riga na sayo farin ƙyalle na bugo haske, kuma mun yi da 'yar'uwar tamu cewa hotonta zan bari ya daɗe yadda yake, bazan yanke ko sakan ɗaya ba.